Kaset ɗin Baba Direba

"Har yanzu shiru," in ji Baba Direba daga kan gado. "Ko dai kunnen nawa ne ya ƙarasa mutuwa?"

"Kunnenka lafiya lau, Baba. Matsalar daga nan take."

Mai gyara yana durƙushe a bayan teburi, ƙura ta cika masa hanci. Tun safe yake shago yana fama da kwamfutocin mutane, bayansa kamar an daka, ga shi wani aikin na jiransa a ƙofar da ke kallon tasa. Kwana tara ke nan 'yar tsohon, wadda nas ce, tana tare shi a matakala, shi kuma yana cewa sai gobe. Yau da ta ce masa likita ya daina canza magani, ko jakarsa bai ajiye ba ya biyo ta.

Abin da tsohon ke so ba wani abu ba ne mai yawa. Yana da tsohuwar rikoda da kaset guda ɗaya. Lasifikarta ta daɗe da mutuwa, amma tana juya kaset, sauti kuma yana fita ta ramin da ke gefenta. Soket ɗaya ne a kusa da gado, injin numfashi ya cinye shi, don haka dole rikodar ta zauna can kan teburi. An gwada hedfon mai doguwar waya, ta harɗe da robar iskar da ke hancinsa har nas ta tsorata. Shi ya sa mai gyara ya zaro nasa hedfon marar waya, ya haɗa shi da tsohuwar kwamfutar nas, sannan ya jona rikodar a shuɗin ramin nan na bayan kwamfuta, inda sauti ke shiga.

Kwamfutar kuwa tana ji. Ga koren layi nan yana tsalle a allo duk lokacin da kaset ya juya. Miƙa wa hedfon ne ta ƙi.

"Tana jin komai, Baba, ta dai ƙi faɗa maka ne."

"Halin 'yata ke nan sak."

"Baba, ina jin ka fa," in ji nas daga bakin ƙofa. Tana jingine da bango cikin kayan aiki, idanunta sun yi ja.

Mai gyara ya ja kujera, ya shiga wajen saitin sauti yana buɗe wannan yana rufe wancan. Can ya ga abin da ya manta: wani ɗan akwati da ake sa wa alama in ana so a saurari abin da ke shigowa, a ƙasansa kuma wurin zaɓar inda sautin zai fita. Ya sa alamar, ya zaɓi hedfon, ya mayar da kaset farko, ya danna.

Da farko ba abin da ya faru. Sai tsohon ya tsaya cak. Bakinsa ya ɗan buɗe. Ya kasa kunne, sannan ya ɗaga murya irin ta wanda kunnensa ke toshe:

"Makullin yana aljihun rigata mai ruwan toka! Na gaya miki kafin in tafi!"

Mai gyara ya waiga ya dubi nas.

"Muryar marigayiya mamata ce a kaset ɗin," ta ce a hankali. "Lokacin da yake jan babbar mota, sai ya yi wata bai dawo ba. Ita kuma ba ta rubutu, sai ta yi magana a kaset ta ba yaran tasha su kai masa. Wannan kaɗai ya rage."

Tsohon ya zame hedfon ɗin daga kunne ɗaya, yana haki, yana dariya. "Ɗana, ka san abin da ke ciki? Faɗa ne zalla. Rufi na yoyo, na tafi da makullin kabad, yarinya na haƙori ba ta barinta barci. Shekara talatin da takwas ban ba ta amsa ba. A mota injin ya fi ni murya."

"Baba, bari in kwafe shi a kwamfuta tukuna. Kaset ɗin ya tsufa."

"Ni ma na tsufa, wa ya kwafe ni? Kunna mini kawai."

Mai gyara ya so ya matsa, amma gajiya ta fi ƙarfinsa. Ya nuna wa nas inda za ta danna, ya tsallaka ɗakinsa.

Kwana huɗu ana haka. In ya dawo da yamma, tun daga matakala yake jiyo muryar tsohon ta cikin ƙofa, yana kare kansa. Wani lokaci ya ce rufin ai ya gyara, wani lokaci ya ce to, ta yi haƙuri. Kullum muryar tana ƙara sirancewa. Nas dai ba ta taɓa sa hedfon ɗin ba. Ta ce aikinta juya kaset, sauran tsakaninsu ne.

A rana ta biyar da safe, yana ɗaure takalmi, ta ƙwanƙwasa masa. Kaset ɗin na tafin hannunta, zarensa ya zubo ya cukurkuɗe, ya tsinke a wuri ɗaya.

"Rikodar ce ta tauna shi. Malam, don Allah."

Ya leƙa ɗakin. Tsohon yana kwance, hedfon a kunnensa, ba abin da ke fita.

"Kun ɓata ne?" in ji mai gyara, don dai ya ce wani abu.

"Ta yi fushi ta yi shiru," tsohon ya ce da ƙyar. "Je ka ba ta haƙuri."

Mai gyara ya tafi da kaset ɗin shago da niyyar farawa da shi. Sai ga wata mata da kwamfutar ofis da ta ƙi tashi, ga wani da firinta, ga mai shagon gefe yana neman a duba masa waya. Sai wajen ƙarfe uku ya samu ya zauna. Ya kwance ƙananan sukurori biyar, ya miƙar da zaren a kan farar takarda, ya yanke inda ya tauye, ya haɗa bakin biyu da siririn salatif. Ya zura biro ya naɗe shi a hankali. Abin da ya yanke bai kai tsawon yatsa biyu ba, kalma uku ko huɗu.

Da ya shigo layinsu sai ya ga takalma a bakin matakala, fiye da na kullum. Ya hau a hankali. Ƙofar a buɗe take, injin numfashi a kashe. Matan bene na sama suna zazzaune a falo.

Nas ta fito ta same shi. "Tun ƙarfe biyu," ta ce. "Bai sha wahala ba."

"Allah ya jiƙansa." Ya tsaya da kaset a hannu, ya rasa inda zai sa shi. "Da na fara da shi tun safe..."

"Barci yake tun da ka fita, Malam. Ko ka kawo ba zai ji ba." Ta karɓa, ta juya shi ta ga inda ya haɗa, ta jefa a aljihun rigarta. Bai san ko gaskiya ta faɗa masa ba, bai kuma tambaya ba.

Bayan sati biyu ta roƙe shi ya kama mata su fitar da gadon, za a mayar wa asibiti. Suka sauko da shi hawa biyu, suna hutawa a kowane lungu. Da suka koma sama ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗakin. A kan ledar ƙasa akwai shatin ƙafafun gadon huɗu, sun lotsa ciki. Ta share ko'ina, ta zo kansu ta tsaya, tana riƙe da tsintsiyar.