Kaset na Sha Huɗu

Howard Calvert yana durƙushe a ɗakin ajiyar sashen nazarin harshe, ƙura ta ƙara masa furfura a kan wadda ya zo da ita, sai yayarsa Maureen ta sake kira.

"Farfesa, ka samo?"

Shi ba farfesa ba ne. Shekara ashirin da shida yana koyar da tarihin Turanci bai wuce babban malami ba, kuma Maureen ta sani sarai. Ta tuna masa jana'izar Baba gobe da hantsi ce, limamin coci kuma yana jiran muryar kafin la'asar, minti biyu kawai da za a saka wa jama'a. Ba wanda ya taɓa ɗaukar muryar tsohon a waya, don da ya ga an ɗaga waya sai ya tsuke baki. Howard ne ya ce yana da Baba na awa ɗaya da rabi a kaset. Ya faɗa da ƙwarin gwiwa, irin na wanda karatunsa zai amfani wani a karon farko.

A ƙasan kwali na uku ya same shi. Rubutunsa na ƙuruciya ne a jiki: *Mai amsa na 14, makiyayi, shekara 58, haƙora cikakku.* Babu suna. Haka aka koya musu, a nemo dattijon da bai taɓa barin ƙauyensu ba, mai haƙora, don lafazi ya fita tas.

A cikin bas mai hawa tsaunukan Yorkshire ya kunna tsohuwar rakodar da ya aro, ya toshe kunnuwa da abin sauraro. Muryar wani saurayi ta fito, shi kansa a da, an goge ta ƙal da Turancin jami'a, har Howard ya ji kamar ya miƙa hannu ya mare shi.

"Me kuke kiran ƙaramin rafi?"

"*Beck*," in ji Baba.

"Tunkiyar da ba ta taɓa haihuwa ba fa?"

"*Gimmer*. Ka tuna wadda uwarka ta shigo da ita kicin, shekarar da…"

Ƙas.

Howard ya daskare. Ya manta da wannan ƙarar ta kashe rakoda. Malaminsa ya sha gaya musu kaset na kalma ne, hira a yi ta a kashe. Shi kuwa ɗalibi ne mai biyayya. Abin da ya je nema a lokacin shi ne sawun mutanen arewacin Turai masu kai hari da jiragen ruwa, waɗanda suka sauka shekara dubu da ɗoriya da suka wuce, suka tarar da yaren da wasu baƙin suka riga su ƙetarowa da shi, suka cuɗa nasu a ciki. Daga baya masu Faransanci suka ci ƙasar suka cika fada da kotu da nasu kalmomin, bakin Landan ya zama shi ne daidai, amma a kan tsaunukan nan tsofaffin kalmomi suka maƙale a bakin makiyaya. Su ya je tsinta a bakin ubansa.

Tambaya, amsa, Baba ya ɗauko labari, ƙas. Haka har bas ya wuce ƙauye huɗu. Ya yi ƙoƙarin tuno ko ɗaya daga cikin labaran, ya kasa. Duk lokacin da tsohon yake ba da su, idonsa yana kan tambaya ta gaba.

Ya tarar da Maureen a kicin tana yanka burodin baƙin gobe. Ita ta zauna da Baba da tumakin tun rasuwar mahaifiyarsu. Ya so ya yi mata shimfiɗa, ya ce a wancan zamanin tsarin binciken daban ne, ta ce ya kunna kawai. Ta saurara da wuƙa a hannu. A ƙas na biyar ta ajiye wuƙar.

"Sannu, Farfesa. Ka aske ulun ka yar da tunkiyar."

"Yaya, ai ba a gama ba. Akwai bayan kaset ɗin."

Bayan ma haka yake, sai dab da ƙarshe. Tambayoyi suka ƙare, amma ba a ji ƙas ba. Saurayin ya manta bai kashe ba. Howard ya gyara zama.

Sai saurayin ya fara lacca. Minti shida cur yana bayyana wa ubansa daga ina kalmomin ubansa suka fito, da wa ya ci wa da yaƙi, da abin da masana suka ce. A ƙarƙashin laccar ana jin cokali yana zagaya kofi, ana jin numfashin mai shan lofe, can ba a rasa ba a ji "to," ko "iye."

"Wato duk rayuwata yaren 'yan fashin teku nake yi ban sani ba?" in ji Baba daga ƙarshe.

"Kusan haka, Baba."

"Uwarka ta daɗe tana faɗa."

Ya yi dariyar nan tasa ta hanci, gajeriya. Maureen ta juya ta fuskanci taga.

"Ka gama tambayoyin naka?" muryar ta ci gaba. "Ni ma ina da guda. Yaushe za ka…"

Ƙas.

Kaset ya ci gaba da juyawa babu komai a kai. Howard ya mayar baya ya sake ji, kamar a karo na biyu yatsan saurayin zai makara. Bai makara ba.

Ya tambayi Maureen me take jin Baba zai ce. Ta ce wa ya sani, wataƙila bas ɗin ƙarfe biyar yake nufi. Ba ta juyo ba da ta faɗa.

Ya ba da shawarar a yanko dariyar kaɗai, ko a haɗa amsoshin a jere, tsofaffin makiyaya za su ji daɗi. Ta ce a'a. Minti biyun ƙarshe za a saka yadda suke, da cokalin, da laccar, don duk kwarin nan haka suka san su su biyun, ɗaya yana bayani ɗaya yana juya shayi.

"Har da ƙas ɗin?"

"Har da shi. Kowa da abin da ya kawo wa jana'izar nan."

Ya sa rakodar a hammata ya nufi gidan limamin. A kan gada ya tsaya ya leƙa rafin da Baba yake shayar da tumaki. Ya san sunansa a harsuna uku da suka mutu, ya san ƙarnin da kowanne ya iso. Agogon coci ya buga huɗu, ya ƙetare.