Hucin Motar Mai Lofe

Motar Baturen safiyo ba mota ce kawai ba, gida ce guda. Babbar lori ce anka gina mata ɗakin katako a baya, da gado, da tebur mai naɗewa, da tagogi biyu masu labule, har da wani ɗan lungu da Baturen ke shiga ya yi wanka a tsaye. A lokacin, shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara nasu su tafi, duk ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo babu wanda bai san ta ba. In ta tsaya a gari, mata kan bar daka su zo kallon labule. Mai ita kuwa aikinsa auna fadama, kuma da yake ba a ganin bakinsa sai da lofen taba, Mai Lofe ake ce mishi.

Maccido ne direbanta. Shekara huɗu yana riƙe da ita, kuma a shekara huɗun nan har tafiyarsa ta sake. Yana da kaki, yana da hula mai baki, yana da tsumma a aljihun baya wanda yakan goge hannu da shi ko da bai taɓa komai ba. Doka ɗaya Mai Lofe ya kafa mishi tun ranar farko: tuƙi nasa ne, zuba ruwa da mai nasa ne, amma cikin inji ba ya sa hannu sai Bature na tsaye. Direban da ya riga shi, don noti ɗaya da ya juya anka sallame shi.

Ran wata Talata da hantsi, sun baro Rabah sun nufi Goronyo, Maccido ya taka totur zai hau wani ɗan tudu, sai ya ji sssss daga gaba. Ya ɗaga ƙafa, shiru. Ya sake takawa, sssss. Ya yi tari don ya rufe abin, amma tari ba ya kai mutum Goronyo.

Mai Lofe ya ƙwanƙwasa katako daga baya. Anka tsaya. Ya sauko da littafin motar, wani mai kauri kamar tubali, ya buɗe bonet, ya sa tabarau. Ya duba lagireto, babu yoyo. Ya zagaya tayoyi huɗu yana harbinsu da takalmi. Ya kwanta ya leƙa salansa, ya tashi da ƙaiƙayi a wuya. Ya koma littafi, ya karanta shafi biyu, ya sake harbin taya ɗaya, ko ta sake shawara.

Sannan ya faɗi kalma uku ko huɗu da Turanci. Yusha'u tafinta, wanda ke zama kusa da direba, ya gyara riga ya fassara.

"Ya ce direban da bai san ciwon motatai ba, ba direba ba na, ɗan dako na da anka ba hula. Ya ce in munka koma Sakkwato da wanga huci, ka aje makulli ka nemi jaki."

"Dud wannan a cikin kalma ukku, Malam Yusha'u?"

"Turanci na, Maccido. A dunƙule shike."

Maccido ya san Yusha'u na da ƙane a Sakkwato wanda ya gama koyon tuƙi tun bara, yana zaune yana jiran wani ya yi tuntuɓe.

A Taloka mutane sunka kewaye motar, kowa da iliminsa. Da Maccido ya taka musu totur sunka ji, sai da'irar ta buɗe da kanta, kowa ya ja baya taki uku. Wani tsoho ya ce shi dai shekararsa saba'in yana noma, ya san hucin gamsheƙa. Nan take anka kira gardi. Gardin ya zo da riga mai faɗin hannu, ya yi kirari, ya shiga ƙarƙashin mota, ya yi ta birgima yana zagin wani abu, ya fito riƙe da maciji a wuya. Mata sunka yi guɗa. Maccido dai ya ga hannun rigar na motsi tun kafin mutumin ya durƙusa, amma yana so ya yarda, don haka ya yarda. Mai Lofe ya ɗauko na'urar hoto ya ɗauki gardi, ya ɗauki maciji, ya sa gardin ya tsaya jikin mota ya sake ɗauka.

Anka tada mota. Maccido ya taka. Sssss.

Gardin bai ko kaɗu ba. "Matatai ta," in ji shi. "Namijin ni ɗauke. Macen kunya gare ta, ba ta hitowa gaban jama'a."

Sunka isa Goronyo da azahar, ranar kasuwa. Maccido ya tsaya a inuwar da ya samu, kusa da wata maƙera, ya ɗan taka totur kafin ya kashe, ko Allah zai sa. Allah bai sa ba. Daga cikin rumfar wani tsoho mai ƙonannun yatsu, Ƙasimu maƙeri, ya yi magana bai ko ɗago kai daga lauje da yake bugu ba.

"Zugazuginta ya huje."

Maccido ya dube shi daga sama har ƙasa. "Baba, mota ta, ba maƙera ba."

"Na jiya, ɗana. Ka danna ta yi huci, ka saki ta yi shiru. Nawa ma haka shikai in ya huje. Mi yar raba su?"

Yusha'u ya fassara wa Bature don a yi dariya. Amma Mai Lofe, wanda littafinsa ya ƙare mishi, ya ce a kira tsohon.

Ƙasimu ya wanke hannu, ya aika anka karɓo mishi ɗan sabin auduga wajen wata mai kaɗi. Ya yage shi siriri, har ana ganin rana ta ciki. Ya ce haka yake neman huda a zugazugi: ba a nemanta da ido, iska ce ke nuna gidanta. Ya ce wa Maccido ya tada inji, ya sauko ya riƙa jan totur daga nan gaba, duk sanda ya ɗaga mishi gira. Mai Lofe ya yarda, tunda yana tsaye. Kawuna huɗu sunka taru a kan inji.

Tsohon ya fara daga gefen lagireto, yana tafiyar da audugar sannu a hankali bisa kowane tiyo. Audugar na rawa kawai. Ya bi ta kan inji, ya gangaro. Ya nufi babban tiyon da ke kai iska kafireto, inda wani zoben ƙarfe ya ɗaure bakinsa.

A nan ne Maccido ya tuna abin da ya ɓoye a wurin.

Kwana takwas da sunka wuce, ranar da za su bar Sakkwato, innarsa Turai ta ba shi laya. Ta ji an ce wata lori ta kife a mashigin gulbi. Ya ce zai rataya a damtse, ta ce a'a, ai ba shi ne zai kife ba, motar ce, don haka ita za a ɗaura wa, kuma a maƙogwaro, inda take shaƙar iska. Ya yi musu, ta yi kuka, ya karɓa. Da ya rasa inda zai rataya Bature bai gani ba, sai ya sassauta zoben nan, ya zura igiyar layar ta ƙarƙashinsa, ya mayar ya ɗaure, layar na reto daga ƙasa a ɓoye. Ya ma manta. Ashe igiyar ta bushe, girgizar hanya ta buɗa wa iska ƙofa.

Ƙasimu ya ɗaga gira. Maccido ya ja totur kamar mai jan igiyar rataye kansa. Audugar ta miƙe tsaye, ta lanƙwasa, bakin tiyon ya zuƙe ta.

"Ga ta," in ji tsohon.

Ya zura yatsu ta ƙasan zoben yana lalube. Yatsun sunka tsaya. Ya ɗago ya dubi Maccido, kallo mai tsawo, irin wanda ake yi wa babban mutum da anka kama yana lasar miya a tukunya. Yusha'u na miƙa wuya, Mai Lofe na gyara tabarau. Sai Ƙasimu ya shimfiɗa tafin hannunsa ya rufe wurin duka.

"A samo min ɗanyar fata wurin mahauta. Ta akuya. Maza, kada iskan ya gudu."

Anka kawo. Bai ɗauke hannu ba sai da fatar ta maye gurbinsa. Ya naɗe tiyo da zobe da abin da ke ƙasa, ya ɗinke da tsinke da jijiya, ɗinki ƙanana a jere. Ya ce a bar ta ta sha zafin inji. Kafin la'asar fatar ta ƙame ta kama wurin gam. Anka tada, anka taka, anka sake takawa. Shiru, sai rurin inji.

Mai Lofe ya cire lofe daga baki, abin da Maccido bai taɓa gani ba da rana. Ya zauna a matakalar ɗakinsa yana rubutu, yana zana ɗinkin, Yusha'u na tsaye kansa yana gyaɗa kai kamar shi ya yi aikin. Ƙasimu ya matso kusa da Maccido yana tattara tsinkensa.

"Ka gaida tsohuwa."

"Baba, wa yac ce maka..."

"In ba uwa ba, wa ka sa ƙato mai hula wanga aiki? Ka ce mata maganinta na da kyau. Mota ba ta kihe ba, numhwashi dai yah hana mata."

Maccido ya durƙusa, har kakinsa ya taɓa tokar maƙera.

Bai gama miƙewa ba Yusha'u ya ƙaraso da murmushi. Wannan karon Bature ya yi dogon bayani, shi kuwa ya taƙaita. Mai Lofe ya ji daɗin aikin ƙwarai. Gobe a barikin Wurno za su haɗu da Baturen injiniya, zai nuna mishi hikimar maƙeran ƙasa, sannan a farke ɗinkin a gabansa, a ga hudar da ido.

Washegari da hantsi, kafin Wurno, Mai Lofe ya tsaida mota a gindin wata tsamiya, ya ɗauki sarƙar awo da Yusha'u sunka gangara fadama. Maccido ya jira har hularsu ta ɓace cikin gero. Ya buɗe bonet. Ya yi niyyar warware ɗinkin a hankali ya mayar, amma fatar ta zama kamar ƙaho, jijiyar ta nutse ciki. Ya gwada da farce, ya gwada da tsinke. Daga ƙarshe ya sa wuƙa. Ya sassauta zoben, ya zare layar ya sa a aljihu, ya gyara bakin tiyon ya zauna daidai, ya ɗaure zoben tam. Ya tada, ya taka. Tunda yake da motar bai taɓa jin ta yi lafiyayyen ruri haka ba.

Sai fatar. Ya mayar, ta faɗo. Ya mayar, ta wage baki. Ya tsinko rama ya ɗaure ta kamar ƙunshin daddawa, ya rufe bonet yana addu'ar Allah Ya sa injiniyan ya yi zazzaɓi.

Injiniyan lafiyarsa lau. Wani gajere ne mai jan wuya, yana zaune a barandar bariki yana jiransu. Mai Lofe ya jawo shi da hannu, yana ta bayani, yana nuna zanen da ke littafinsa. Ya buɗe bonet da kansa, ya ja baya don baƙo ya gani.

Injiniyan ya taɓa ramar da yatsa ɗaya, fatar ta faɗi ƙasa ƙwal. Ya dubi zane, ya dubi fata. Ya kama zoben ya jijjiga, ya sa anka tada inji ya kasa kunne. Sannan ya fashe da dariya, irin wadda ake riƙe ciki, yana dukan kafaɗar Mai Lofe. Ya nuna zoben, ya ɗaga babban yatsa, ya faɗi wani abu yana duban Maccido. Wannan dai Yusha'u bai fassara ba.

Kunnuwan Mai Lofe sunka yi ja. Ya ɗauki fatar, ya juya ta, ya ga sawun wuƙa. Tambayar da ya yi, da Hausarsa ta Turawa ya yi ta.

"Kai taɓa inji?"

Maccido ya dubi fatar, ya dubi Yusha'u wanda ke kallon sama kamar mai neman wata da rana. Ƙarya guda uku sunka zo mishi, duk babu mai ƙafa.

"Na taɓa, ranka shi daɗe. Amma ta gyaru."

"Makulli."

Ya miƙa. Yusha'u ya buɗe baki zai ƙara bayani, Maccido ya ce, "Bar shi, Malam. Wagga na jiya ba tafinta."

Da la'asar Mai Lofe ya hau kujerar direba da kansa, ya yi ta kokawa da giya har ta shiga. Maccido na tsaye a ƙofar bariki da ƙunshin kayansa. Akwai hawa a mafitar gari, ya san dole sai an taka totur sosai. Ya karkata kai, ya kasa kunne, yana roƙon Allah ko da ɗan siririn huci ne. Motar ta haye sumul, labulenta na kaɗawa.

Wata mai tallan albasa da ke zaune jikin katanga ta dube shi.

"Direba, sun mance da kai?"

"Ba su mance ba, Inna," in ji shi. Ya saɓa ƙunshinsa. "Wace hanya ta fi kusa zuwa Sakkwato, ga mai tahiya ƙasa?"