Ghita Mai Tada Sahur

Azumi na ƙaratowa aka mayar da agogo baya da awa guda, kamar yadda aka saba a ƙasarmu. Kowa a unguwarmu da ke birnin Meknes ya gyara nasa, ban da ɗiyarmu Ghita mai wata bakwai. Da sai ƙarfe shida take farkawa. Yanzu biyar na yi za ta ware murya, benen gaba ɗaya ya ɗauka.

Matata Btissam ta rataya bargo a taga, ta kuma ce a riƙa jinkirta mata barcin dare kaɗan-kaɗan.

"Driss, yi mata wasa, kada ka bari ta kwanta yanzu!"

Sai in ɗauki cokali da murfin tukunya ina kiɗa, yarinya na gyangyaɗi tana dariya.

Da asubar farkon azumi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Si Allal ne, dattijon da ke zaune shi kaɗai a samanmu. Na fara ba shi haƙuri, sai na ga farantin wainar baghrir da zuma a hannunsa.

"Baba, ka yafe mana, muna nan muna gyara mata barcin."

"Gyara? Kada ku kuskura! Tun da mai ɗakina ta rasu rabona da sahur a kan lokaci. Ba na jin ƙararrawar wayata, amma muryar nan ko siminti ratsa shi take yi."

Btissam ta leƙo. "To ni fa, Baba? Ku ku ci ku koma barci, ni tana hannuna har hantsi."

"Kawo ta nan, 'yata."

Daga ranar tare muke sahur. Bayan sallah ya rungumi Ghita yana zagaya falo yana yi mata 'yan waƙoƙi, Btissam ta samu ta runtsa. Amma ba mu fasa kiɗan murfin tukunya ba.

Wajen tsakiyar wata dabarar ta ci. Ghita ta yi barcinta lakadan, mu ma haka. Kiran sallah ne ya tashe mu, ko ruwa babu wanda ya kurɓa.

Da magariba Si Allal ya sauko leɓe a bushe. Sai da ya shanye kwano biyu na miyar harira kafin ya ɗauki Ghita, ya haɗe rai.

"Ke, haka ake yi? Ki ajiye aiki ba sallama?"

Ta kama gemunsa da hannu biyu ta ja, tana ƙyalƙyala dariya.