Yatsun Farfesa

A hunturun 1993 ina sayar da safar hannu a titin Canal, can Amurka, sai wani ƙaton baƙar fatan Amurka ya tsaya a teburina, jakarsa cike da takardu. Ya gwada safa huɗu, babu wadda ta shiga. Yatsunsa biyu na dama a karkace suke.

Ni Mukhtari ɗan maɗori ne daga Maraɗi, ba na iya ganin ƙashi a karkace in yi shiru. Ban nemi izini ba, na kama hannun ina latsawa yadda Baba yake yi.

"Wane mugun ne ya yi maka wannan ɗori?" na tambaye shi da guntun Turancina.

Ya yi dariya. Ya ce sunansa Farfesa Whitlock, tarihi yake koyarwa a jami'a.

Na dubi kafaɗunsa. A garinmu mai irin wannan ƙira ɗan kokawa ne, ban taɓa ganin wanda ya zama malami ba. "To littafi ne ya karya ka?"

"Ƙwallon Amurka ce, ina ɗalibi. Kocinmu ya naɗe yatsun da filasta, ya mayar da ni fili. Daga ranar ban sake iya cafe ƙwallo ba, sai na koma laburare."

Raina ya ɓaci. "Da Baba ne ya ɗora ka, wata biyu ka koma wasa."

Ya zare hannunsa a hankali, ya cusa a aljihu.

"Ashe na yi sa'a ban haɗu da babanka ba."