Baƙon da Aka Tsoma a Kwamin Dawakai

A garin Inverlachie da ke ƙasar da ke arewa da Ingila, in ba ka cikin ramin kwal to kana bakin filin ƙwallo, kuma a shekarar 1908 babu mai taɓa leda kamar Wattie Geddes. Ƙafar hagunsa kam sai dai a yi shiru. Ranar Asabar zai fito daga rami da tsakar rana, ya wanke fuska sama-sama, ya shiga fili da baƙin kwal a bayan kunne ya yi ta wana 'ya'yan mutane.

Matarsa Effie ba ƙwallon ce ta dame ta ba. Tarin da ya fara yi da asuba ne ya hana ta sakat, don irinsa ne ya yi ajalin mahaifinsa. Da wasiƙa ta zo cewa wani Mista Ollerton zai zo daga wani kulob na yankin Lancashire a Ingila ya ga wasan mijinta, sau huɗu ta karanta don murna. In aka ɗauke shi, shi da rami har abada.

Sai dai fa garin yana da al'adarsa. Duk mutumin Ingila da ya zo farautar 'yan wasa, cak ake ɗaukarsa a tsoma a kwamin da dawakai ke shan ruwa, a raka shi tashar jirgi yana ɗiga. Jagoran wannan aika-aika kuwa uban Effie ne da kansa, Dod Rennie maƙeri, ƙato mai muryar ganga.

Effie ta riga kowa zuwa tasha. Ta tari baƙon, wani ɗan siriri mai doguwar hula, ta naɗe masa muƙamuƙi da mayafin ulu. Ta ce daga yanzu shi kawun Wattie ne daga garin Dundee na nan ƙasarsu, ciwon haƙori ya hana shi magana, don kalma ɗaya in ya furta harshensa zai tona shi. Mutumin ya gyaɗa kai kamar ya saba.

A bakin fili, Dod ya rungumi sabon suruki ya kafa shi kusa da shi. Ya yi ta ɗura masa giyar wiski wai maganin haƙori, yana ba shi labarin 'yan Ingila bakwai da ya wanke da hannunsa. Effie tana gefe tana sa musu ido.

Har aka dawo hutun rabin lokaci lafiya lau. Can sai Wattie ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, ya wuce mutum uku, ya lanƙwasa ta ta shige kusurwar raga. Ai kuwa kawun Dundee ya manta da haƙori, ya fizge mayafi ya kwarara ihun yabo da harshen Lancashire tsantsa.

Ko tashi daga wasan ba a jira ba. Kafin Effie ta kutsa cikin taro, an kai shi kwami an tsoma har sau biyu. Haushi ya sa ta fashe da kuka a gaban kowa.

Ollerton ya fito yana tsiyaya, ya tsinci hularsa, ya zaro takardar kwantiragi naɗe cikin ƙyalle mai kakin zuma, a bushe ƙarau.

"Wankana na tara ke nan," in ji shi. "Garin da aka ba ni shayi, hannu wofi nake komawa. Inda aka tsoma ni, nan ɗan wasa yake."

Dariya ta ɓarke, amma Dod ya tare gaban Wattie yana huci, ya rantse babu inda yaron garinsu zai je.

"Baba," Effie ta ce a hankali, "bango ɗaya ne tsakaninmu. Kai ma kana jin tarinsa."

Dod ne fa ya ɗauki gaban akwatin gawar uban Wattie. Sai ya juya, ya duƙa ya ba Wattie ƙaton bayansa.

"Ɗora takardar nan ka sa hannu, ja'iri, tun ban canza shawara ba."

Ranar Litinin da asuba ƙahon kiran ma'aikatan ramin kwal ya yi kuka kamar kullum. Effie ta farka tana jin takalman maza suna wucewa ta ƙofar gida. Wattie na gefenta yana sharar minshari, ta gyara masa bargo ta bar shi.