Shingen Inna Larai

Ranar wata Talata aka yi ruwan shuka, tun asuba har hantsi, irin ruwan nan mai laushi da ba ya zuwa da iska. Yana ɗaukewa ƙauyen ya watse, kowa ya nufi gona. Basiru kuwa bai yi nisa ba. Ya saɓa sungumi ya zagaya bayan gida, inda mahaifiyarsa Inna Larai take da 'yar gayauna. Kowace shekara nan ake fara shukawa, shi yana gaba yana sara, ita tana baya da ƙwaryar iri tana zubawa tana takewa da dunduniya.

Sai da ya kai ƙarshen layi ya waiwayo. Inna tana rami na uku. Ta sa hannu cikin ƙwarya, ta ɗago, waken ya zube ta tsakanin yatsunta. Ta sake, ya sake zubewa. Yatsun sun kumbura, gaɓoɓin sun yi sulɓi, sun ƙi haɗuwa.

"Inna, lafiya?"

Ba ta dube shi ba. "Irin bana santsi gare shi," in ji ta.

Basiru ɗan fari ne, don haka tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa ƙorafi. In tana da magana da shi, sai ta juya wajen matarsa Aina'u ta ce, "Faɗa wa mijinki." Ranar nan ma ƙwaryar ta miƙa wa Aina'u, ta koma gindin katanga ta zauna, ta ɓoye hannayenta cikin mayafi.

Shekara uku ke nan da Basiru ya samu Adaidaita Sahu yana ja a Rijiyar Zaki, cikin Kano. Ranar da ya fara riƙe kuɗin kansa ya ƙudurta a ransa cewa Inna ta gama cin ganye. Ya tuna shekarun da suka kwana da kwaɗon zogale ba don marmari ba, sai don babu. Duk sati sai saƙo ya iso ƙauye: burodi, taliyar leda, madarar gwangwani, sukari, cincin, lemon kwalba. Bara kuma ya sare shingen zogalen da ya kewaye gidan, bishiya goma sha ɗaya, ya ja katangar bulo. Mutane suka yi ta zuwa kallo suna sa masa albarka.

Ran kasuwar Tsanyawa ya sa Inna a ƙaramar bas ya kai ta asibiti. Ma'aikaciyar da suka samu, Malama Tahira, ta daɗe tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta duba gwiwoyi, ta tambayi tun yaushe. Ta rubuta magani. Sannan ta ce, "Me Inna take ci?"

Basiru ya gyara tsayuwa. Wannan tambaya ce da yake da amsarta. Ya lissafa mata komai, har lemon da ake sha bayan kowane abinci.

Malama Tahira ta ajiye biro. "Malam Basiru, wannan kumburin ya daɗe yana cinta a hankali. Ba kai ka kawo shi ba, kuma abinci kaɗai ba zai kore shi ba, dole ta sha magani ta riƙa dawowa muna gani. Amma sukarin nan da soye-soyen nan da farin fulawa kullum, ƙara masa ƙarfi suke yi." Ta juya. "Inna, kafin ɗanki ya zama mai kuɗi, me kike ci?"

Inna ta ɗago kai. Sai kuma bakinta ya buɗe, kamar an tambaye ta sunayen ƙawayenta na ƙuruciya. Tuwon gero da miyar kuka. Ɗanyar kuɓewa. Dafaffen wake da ɗan man gyaɗa. Rama. Zogale da ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tumatir. Kunun tsamiya da citta.

"To shi ke nan, kin rubuta wa kanki," in ji Malama Tahira tana dariya. "A ƙara da kifi in an samu, ko busasshe ne. A koma daddawa. Zaƙi kuma a nema a gwanda da goba."

"Malama," Basiru ya rage murya, "in aka ga Inna ta koma cin ganye, cewa za a yi na karye."

"Za a ce. Kai za ka zaɓa, bakin mutane ko hannun Inna."

Da suka dawo gida ya tsaya tsakar gida yana kallon katangarsa. Ko'ina siminti, ko tsiro ɗaya babu. Aina'u ta fito da kwando ta miƙa masa. "Ka je gidan Baba Abdulmumini," ta ce. "Ni kunya nake ji."

Baba Abdulmumini maƙwabcinsu ne, abokin marigayi mahaifin Basiru. Yana zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya, ya hango kwandon tun daga nesa.

"A'a! Alhajin bulo da kansa? Me za a auna mana, siminti?"

"Baba, zogale nake so."

"Zogale? Abincin talakawa? Ka je ka tsinko a jikin katangarka mana, na ga ta yi lif."

Basiru ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Tsohon ya gama dariyarsa, ya ga yaron bai taya shi ba, sai ya miƙe ya ce, "Taso ka gani."

Ya kai shi bayan garken awaki. Bishiyoyin zogale ne guda bakwai a jere, sun fi mutum tsawo, ganyen damina ya sauko musu.

"Ka gane su? Naku ne. Ranar da ka sare su, kana can kana faɗa da magina, uwarka ta kwaso rassan da kanta, ta yi sawu uku. Ta ce in kafa mata su. Kakarka ce ta dasa na farkon, shekarar da aka kawo uwarka gidan nan. Goma sha ɗaya na kafa, bakwai suka kama."

"Ba ta faɗa mini ba."

"Ta faɗa maka? Kai ɗan fari? Ai ko wuta ka sa wa ɗakinta sai dai ta ce wa matarka ana jin ɗumi." Ya karya wani reshe ya jefa a kwandon. "Kullum da la'asar sai ta shigo, wai gaida matata ta zo yi. Nan take tsayawa. Na ce, Larai, ki tsinka mana, naki ne. Ta ce a'a, kada a ga tana tsinkar ganye a maƙwabta a ce ɗanta ya gaza. Lemon naka ma ce mini ta yi ƙwarnafi yake sa ta. Na ce to ki bari. Ta ce, yaro ya sha rana ya sayo, in bar shi?"

Basiru ya jawo reshe. Ya yi ta tsinka har kwandon ya cika, yana juya wa tsohon baya don kada ya ga fuskarsa.

Da yamma Aina'u ta dafa ganyen, ta tsane, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Inna ta dubi kwanon, ta dubi ƙofa, kamar mai tsoron kada wani ya shigo. Basiru ya ɗebi nasa a wani kwano, ya fita ƙofar gida inda kowa ke wucewa, ya zauna a kan dakali ya ci. Wani abokinsa ya tsaya da babur ya ce, "Kai, Basiru, birni ya koro ka ne?" Ya ce, "Bismilla, akwai yaji." Daga cikin gida ya ji Inna tana ce wa Aina'u, "Gishirin ya yi daidai." Ta cinye tas.

Abin bai zo da sauri ba. Daminar ta wuce Inna ba ta taɓa fartanya ba. Wata na farko Basiru bai ga wani bambanci ba, har ya fara tunanin ko wahalar banza ake yi. Masu zuwa dubiya kuma ba su fasa kawo lemo da burodi ba, don ba a zuwa gaida marar lafiya hannu sake. Aina'u takan karɓa ta yi godiya, in sun tafi a rabar. Saƙon Kano ya canza: busasshen kifi, citta, tafarnuwa, gwanda in lokacinta ne. A gari aka ce Basiru ya karye, wasu ma suka ce an ƙwace Adaidaitar. Ya ji, ya haɗiye. Duk ƙarshen wata yakan zo ya kai ta wurin Malama Tahira. Ya karɓo rassa daga gidan Baba Abdulmumini ya kafa su a cikin gida, a gindin katanga, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Wajen kaka Aina'u ta kira shi a waya. "Yau Inna ta ɗaura ɗankwalinta da kanta." Bayan wata biyu kuma ta ce ta ga tana ɓarar gyaɗa. Akwai makonnin da ciwon ya dawo har ta kasa riƙe buta, sannan ya sake lafawa. Yatsu biyu na ƙarshe a hannun dama dai sun lanƙwashe, Malama Tahira ta ce waɗannan sai haƙuri.

Ruwan shuka na shekarar da ta biyo ran Asabar ya sauka. Basiru ya saɓa sungumi ya zagaya gayauna. Aina'u ta ɗauko ƙwaryar iri, Inna ta miƙa hannu ta karɓe. Ya fara sara, bai yarda ya waiwaya ba. Yana jin motsinta a baya, 'yar ƙarar wake cikin ƙwarya, sannan dunduniya a kan danshi. Ya ƙirga a ransa. Rami na uku. Na huɗu. Na goma.

"Kai," ya ji ta ce. Ba da Aina'u take ba. "Rage sauri. Ina bayanka."

Ya rage. Suka gama layi tara kafin azahar, ita da yatsu uku, shi da sungumi.

Abin da aka rasa dai shi ne damina ɗaya, bishiyar zogale huɗu, da yatsu biyu na hannun dama.