Wa Yake Shan Wayfan Wa?

Tun da intanet ɗin gidan ya fara tafiyar hawainiya, Baban Biyu ya ɗora laifin a kan maƙwabcinsa, Direba, wanda bango ɗaya ne ya raba su.

"Kullum yana zaune a bakin ƙofa yana kallon ƙwallo a waya yana dariya," in ji shi. "Da wayfan wa? Yau zan canza kalmar sirri, mu ga ta tsiya."

Maman Biyu tana guga a falo, ta ce, "Zato dai zunubi."

Ya hau kujera, ya kifa rauta, na'urar wayfan da ke saman kabad, ya kwafo lambobin nan masu ɗigo-ɗigo da ke jikinta. Ya rubuta su a kwamfuta. Shafin saiti ya yi ta juyawa, ya ƙi buɗewa. Ya goge, ya sake rubutawa da yatsa ɗaya, yana karantawa da ƙarfi. Shiru. Har tabarau ya canza.

Sai ya kira ƙanin matarsa, wanda dangi ke ce wa Injiniya saboda ya taɓa gyara fanka.

"Yaya, rabu da abin da ke jikin rauta," in ji Injiniya. "Shiga bayanin wayfan da kwamfutarka take kai, za ka ga adireshin gaskiya."

Ai kuwa ga wasu lambobi daban. Yana sa su, shafin ya buɗe tar.

"Yana neman suna da kalmar sirri."

"Sa admin, sama da ƙasa."

Ya shige. Baban Biyu ya miƙe ya zaga tebur kamar wanda ya ci zaɓe. Ya canza wa wayfai suna zuwa Ɓarawo Ka Ji Kunya, ya sa sabuwar kalmar sirri yana murmushin mugunta, ya adana.

Bai gama shan ruwa ba aka yi sallama. Direba ne, waya a hannu, fuska a yamutse.

"Maƙwabci, taimake ni. Wayfan gidana ya ɗauke, kuma dubi sunan da ya koma. A gidana, da rautata, ana ce mini ɓarawo!"

Baban Biyu ya dubi wayar, ya ɗaga kai ya dubi saman kabad. Sai yanzu ya lura babu fitila ko ɗaya da ke ci a jikin rautarsa. Ya bi wayar wutarta da ido har bayan kabad, ga kanta a ƙasa, ƙura ta lulluɓe shi. A soket ɗin kuwa, dutsen guga ne.

"Au," in ji Maman Biyu, "wannan abin? Ai na daɗe da cire shi. Ba wanda ya yi magana."

"To da wane wayfai muke...?"

"Nawa mana," in ji Direba. "'Yan biyunka sun ce naku ya lalace, na ba su kalmar sirri suka sa wa kowa. Na ɗauka ka sani. Shi ya sa ƙwallona ke tsayawa ana dab da cin gida."

Maman Biyu ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Baban Biyu ya yi gyaran murya. "Kuskure ne na fasaha. Kawo wayar in sa maka sabuwar."

"A'a, faɗa mini kawai. Akwai ta uwargida, akwai talabijin, akwai ta surukata."

"Doguwa ce."

"Ina ji."

Ya dubi matarsa yana neman ceto, ta ci gaba da guga. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Direba ƙaton ɓarawo. A haɗe."

Direba ya kai yatsansa kan waya zai rubuta. Can ya ɗago.

"Da babban baƙi ko ƙarami?"